Motar marigayi da ta shekara 14 a rumfa

Garejina yana unguwar Yelwa a nan Garwa, ni da yara huɗu. Abincinmu na kullum Toyota ce da motocin haya, amma da yake a kan Land Rover da Peugeot 404 na koyi sana'a, duk mai tsohuwar mota wurina ake turo shi.

Bayan ƙaramar salla wani saurayi ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, motar marigayi nake so a tayar. Batir kawai za a sa mata da mai." Land Rover ce Series III, doguwar nan 109, irin waɗanda Ingila ta ƙera daga 1971 zuwa 1985. Tun rasuwar mahaifinsa take cikin rumfar kwano, shekara 14. Na ce masa, "Ɗana, tayar da inji ba wuya. Kafin in sa hannu a kai, sai na tabbata za ta tsaya." Na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga.

Mutane na ɗauka motar da ke ajiye hutawa take yi. Birki kuwa a zaune yake mutuwa. Man birki, wanda muke cewa lokid, yana shan danshin iska, kuma damina goma sha huɗu ta wuce a kansa. Ruwan ya kwanta a cikin famfo, wato silindar da man birki ke tura fistan a cikinta, tsatsa ta ci bangon, fistan ya manne, robobi suka bushe da zafin Garwa. Ga shi wannan motar birkinta layi ɗaya ne: wuri guda ya tsiyaye, ƙafa huɗun duka sun tafi. Wanda ya taɓa saukowa daga falez, gangaren dutsen hanyar Ngaundere, da kaya ya san abin da nake nufi. Lokid mai ruwa da ya ɗau zafi sai ya tafasa, tururi kuma ba ya tura fistan.

Cire tambur, wato gangar ƙarfen da ke juyawa da taya, shi kaɗai ya ci mana yini. Sai da muka bi ta bayan ƙafa muka sassauta abin daidaita mashuwar, wato takalman birkin da ke matse tambur ta ciki, muka jiƙa bakin da man sassauta tsatsa, muka bi shi da guduma a hankali, zagaye-zagaye. Tambur ƙarfen zubi ne, duka ɗaya na fushi ya tsaga shi. A ƙafar baya ta hagu har zanzaro ya yi gini a ciki. Na hana yara hura ƙurar da iska, don tsofaffin mashuwar da asbestos ake yin su, yana lalata huhu. Da ruwa da tsumma muka wanke.

Famfunan ƙafa shida ne a 109, biyu-biyu a gaba, ɗaya-ɗaya a baya, sai babban famfo na wajen feda. Saurayin ya so a goge su da sanfefa a canza roba kawai, don sauƙin kuɗi. Na ba shi ɗaya ya zura yatsa, ya ji ramukan tsatsa da kansa. Sabuwar roba a kan wannan bango mako nawa za ta yi? Muka aika Yola aka sayo duka, har da tiyo uku na roba. Tiyo yakan kumbura ta ciki alhali waje lafiya lau, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, ƙafa ta riƙe. Mashuwar baya kuma man giya ya jiƙa su, don robar cibiyar ƙafa ta mutu. Irin wannan wasu kan ƙona da fetur su mayar. Ban yarda da shi ba, mai ya riga ya shiga jikinsu. Bututun ƙarfe biyu muka sake, tambur ɗaya ya je wurin mai sassaƙa.

Sai cire iska, inda 109 take gwada haƙurin bakanike. A gaba mai yana shiga ta famfon sama, kusar cire iska kuma tana famfon ƙasa, iska kuwa sama take so. Sau uku muka zagaya motar, yaro yana ciki ina ƙasa: "Taka! Riƙe! Saki!" Feda na nan laushi. Sai da muka sassauta mashuwar gaba ɗaya, muka matse fistan ciki don iska ta rasa maɓoya, sannan ta yi tauri. DOT 4 muka zuba daga sabon gwangwani, na kuma ja masa kunne kada kowa ya ƙara mata koren man nan na Citroën, LHM, yana kumbura robobin nan.

Birkin hannu shi ma tambur ne, amma a bayan giya yake, ba a ƙafa ba. Wanki da daidaitawa suka ishe shi.

Ranar gwaji na fita da ita hanyar Pitoa da sassafe. Ta ɗan ja dama, muka dawo na ƙara daidaita ƙafar hagu, na sake fita. Da na miƙa masa makulli na rubuta ranar da muka zuba lokid a jikin murfin inji ta ciki, na ce ya kawo ta bayan shekara 2 a zubar a sa sabo, ko da ba ta je ko'ina ba.