Abin da haɗa ƙaramin Spitfire na leƙen asiri ya koya mini

Jirgin Spitfire PR XIX na gaske, jirgin leƙen asiri na Birtaniya mai ɗaukar hoto a Yaƙin Duniya na Biyu, faɗin fuka-fukansa ya ɗan haura mita 11. A kwalin Airfix, kamfanin da ke yin ƙananan jiragen roba na haɗawa, mai ma'aunin 1/72 (kashi ɗaya cikin 72 na girman na gaske) kuwa, santimita 15 ne da 'yan kai. In ka buɗe, gutsattsarin roba za ka tarar, da sitika, da takardar umarni mai cike da kibiyoyi. Takardar za ta nuna maka inda kowane yanki zai zauna, amma babu ruwanta da dalili. Dalilin kuwa shi ya fi riƙe ni a wannan aiki.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne fiffiken sumul yake, ko ramin bindiga ɗaya babu, alhali jirgin yaƙi ne. Da na bi diddigi sai na gano an cire bindigogin ne, gaban fiffiken ya koma tankin mai, don jirgin ya iya lulawa cikin Jamus ya dawo. Ƙananan tagogi biyu na ƙarƙashin cikinsa da ɗaya ta gefen hagu na kyamara ne. Gilashin gaban matuƙi ma lanƙwasasshe ne, ba mai kauri na tare harsashi ba. Matuƙin nan gudu da nisan sama kawai yake da su, ƙafa 40,000 ko fiye, shi kaɗai cikin sanyi.

Sanin wannan ya canza yadda nake riƙe samfefa. Inda ɓarin jikin jirgin biyu suka haɗu akan sami layi, kuma da ina ganin goge shi kwalliya ce kawai. Ashe tun 1939, a filin jirgi na Heston kusa da Landan, mutanen Sidney Cotton, ɗan Ostareliyan da ya assasa wannan aikin ɗaukar hoto, haka suka yi wa Spitfire na gaske: suka toshe duk wata kafa, suka goge jikin har ya yi santsi, gudunsa ya ƙaru. Saboda haka nakan cike layin, in goga da ruwa-ruwa, in ɗaga shi saitin fitila, in shafa da farce. Muddin farce ya sarƙe, da sauran aiki.

Sauran darussan na hannu ne. Ka gwada haɗin kafin ka taɓa gam, domin gam ɗin roba narkar da ita yake yi, in ya kama ya kama. Kada ka kai shi kusa da gilashin matuƙi, zai dusashe; farin gam irin na kafintoci ya wadatar. Fenti kuma a tsinka shi, a shafa sama-sama, a bari ya bushe a sake. In lokacin hunturu ne, kife roba a kai, in ba haka ba ƙura ta gama da kai.

Inda na saba da masu wannan sana'a da yawa shi ne wajen tsufar da jirgi. Suna son su zuba masa baƙin hayaƙi da kwarzane har ya koma kamar motar kwasar yashi, wai don ya yi kama da wanda ya sha yaƙi. Ga wani jirgin watakila ya dace. Wannan kuwa ransa na ga santsin jikinsa, kuma shuɗin fentinsa an zaɓe shi ne don ya ɓace a sararin sama. Ɗan tabon hayaƙi na yi masa a bayan salansar injin Griffon, na tsaya nan. Lambar da nake so in liƙa masa ita ce PS888, ta jirgin da ya tashi daga Seletar a Singafo ran 1 ga Afrilu 1954, fita aiki ta ƙarshe da Spitfire ya yi a rundunar sojan saman Birtaniya.