Cokulan miya arba'in

Jiya na miƙa rigar aiki, bayan shekara 4 ina jera tebur a ɗakin liyafar otal. Har yau daren cokulan miya bai bar raina ba.

Baƙi 40 ne. Tun la'asar na kammala: cokula masu yatsu a hagu, wuƙaƙe a dama kaifinsu na kallon faranti, cokalin miya can a gefen waje, tambulan a saman wuƙa, kowanne na kara shi a tururi na goge. Ashe da rana oga ya soke miya ya sa kifi, ya gaya wa kuku, ni kuwa ko uffan. Kifi ya fito, babu wuƙarsa ko ɗaya a tebur. Ina kallo wata dattijuwa ta ɗaga cokalin miya, ta jujjuya shi, ta ajiye, ta ɗauki wuƙar nama. Kowa ya bi sahunta. Da nama ya iso sai ga mu muna miƙa wuƙaƙe ta kafaɗar mutane kamar masu rabon sadaka.

A gaban yaran da nake koya wa aiki oga ya wanke ni tas. "Kai, ba ka iya karatu ba ne?" Takardar jerin abinci ta safe ce a hannuna, kuma ya sani. Na ce, "A yi haƙuri, yallaɓai," na haɗiye.

Laifinsa ne, ban canza ra'ayi ba. Amma a daren na gane jerin nan ba ado ba ne. Tun ƙarni na 19 da Turai ta ɗauki salon Rasha na kawo abinci kashi-kashi, baƙo yake farawa da cokalin waje ya gangaro ciki, don haka kowane cokali alkawarin wani abinci ne. Daga ranar ban sake taɓa cokali ba sai na leƙa kicin na ji daga bakin kuku.

Sauran ƙanana ne. Bar wa kowane baƙo kamar santimita 60 kada gwiwar hannu ta yi karo. Farantin burodi hagu yake, in ka kuskure a teburi mai zagaye kowa na maƙwabcinsa zai ci. Zauna a kujerar ka gani ko furen ya tare fuskar na gaba.

Makon jiya ogan ya ce in rubuta wa wanda zai gaje ni yadda nake yi, wai teburina ba ya kuskure. Na rubuta shafi biyu. Bai ambaci kifin ba, ni ma ban tuna masa ba.