Ƙwaya ɗaya ta kwinin kafin barci

Wanda jijiyar sharaɓa ta taɓa ɗaure masa da tsakar dare ba sai an yi masa bayani ba. Ni tela ne, wuni nake ina taka keke, kuma abin ya dame ni har na kai kuka kemis ɗin unguwarmu. Yaron shagon ya ce, "Baba, kwinin za ka riƙa sha, ɗaya in za ka kwanta." Ko tambaya guda bai yi min ba. Bai ce ina da ciwon zuciya ba, bai ce wane magani nake sha ba. Ya ƙirga, ya zuba a leda, ya karɓi kuɗinsa.

Da kunnena ya fara kuka ban damu ba, don duk wanda aka yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro a da ya san halin kwinin. Wannan sabon da muka yi da shi ne ya so ya halaka ni. Sai aswaki ya fara fitowa ja daga bakina. Sai wasu ɗigo-ɗigo jajaye a ƙwauri, ƙanana kamar tsinin allura, ba ƙaiƙayi, in ka danna ba sa ɓacewa. Uwargida ta duba ta ce, "Malam, wannan fa ba ƙurajen zafi ba ne." Ranar da haɓo ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ɗana ya kai ni asibiti.

Likita ta ce ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, waɗanda a mai lafiya suke tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikrolita (ɗan mitsitsin ma'auni) ta jini, nawa sun zube warwas. Jikin wasu mutane, in ya haɗu da kwinin, garkuwarsa ce ke juyawa ta cinye waɗannan ƙwayoyi. Kuma ba yawan shan ba ne, ƙwaya ɗaya ta isa. Wasu ƙoda ce ke tsayawa, wasu bugun zuciya ke rikicewa, wasu gani ke dushewa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne an daɗe da sanin haka. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kwinin don ɗaurewar jijiya ba da takardar likita ba tun 1994. A 2006 ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 93 da ake dangantawa da shi. A Ingila ma tun 2010 aka ja kunnen likitoci: kada a ba da shi sai an gwada wasu hanyoyi, in an yi mako huɗu ba sauƙi a daina. Mu kuwa ana miƙa shi ba ko tambaya!

Jijiyar har yanzu takan ɗaure. Kafin in kwanta nakan dafa bango in miƙar da sharaɓa, in ta kama kuma in ja yatsun ƙafa sama har ta saki. Mai irin wannan matsala ya je a duba shi, don wani lokaci maganin hawan jini mai sa fitsari ne sanadi.

An hana ni kwinin har abada, har lemon tonik, don akwai shi a ciki. Yanzu ko zazzaɓi ya kwantar da ni, kafin nas ta ɗaura ruwa sai na tambayi me ke ciki, wasu har su ga kamar iyayi nake yi.