Yadda na yi wa sandar fatsata ƙota da ƙirya da kok

Soson da aka naɗe mariƙin sandar fatsata da shi ya daɗe yana ɓarɓashewa. Ranar da na dawo daga bakin Kogin Kwara a Yauri tafin hannuna baƙi ƙirin da garinsa, na ce ya isa haka. Ni kafinta ne, na yi ƙotar fartanya da ta gatari ba adadi, don haka na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Sai da ya ci mini mako uku.

Ƙanena da ke aiki a Legas ne ya aiko mini da kok, wato irin abin nan mara nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi. Ɓawon wata bishiya ne, kusan rabin wanda ake amfani da shi a duniya daga Fotugal yake fitowa. Bishiyar sai ta kai wajen shekara 25 kafin a fara ɓare ta, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9. Da na ji haka, ko ɗan guntu ya faɗi ƙasa sai na sunkuya na ɗauke. Zobe-zobe yake zuwa, kowane kaurinsa rabin inci, da huda a tsakiya.

Don ado na yanko ƙirya da maɗobiya daga ragowar katakon shago. Ragowa kawai nake taɓawa, domin maɗobiya an sare ta ba tausayi ana kai wa Sin, har ta yi wuyar gani a dazukanmu. Na fere su zobba, na jera a jikin dogon ƙarfe mai zare: kok uku, ƙirya ɗaya, kok biyu, maɗobiya ɗaya, ina shafa gam mai haɗi biyu a tsakani, sannan na ɗaure da noti ta kowane gefe. Da ma na goga wa ƙarfen kyandir don kada gam ya kama shi. Wannan dabara ɗaya ce ta yi mini daidai tun farko.

Washegari na ɗaura ƙarfen a bakin injin huda, yana juyawa ina bin sa da sanfefa a tafin hannu. Nan ne na yi ɓarna. Kok laushi gare shi, ƙirya kuwa kowa ya san taurinta, ba a banza ake sassaƙa turmi da ita ba. Kafin sanfefa ta ci ƙirya kaɗan, ta riga ta rarake kok ɗin da ke gefenta. Da na kashe injin na shafa, sai na ji tudu da kwari kamar kunyar gona. Zobba goma sha biyu suka tafi a haka, raina ya ɓaci ƙwarai.

A karo na biyu na fara kai katakon kusan girman da nake so da magagari tun kafin in haɗa shi da kok. Sanfefar kuma na naɗe ta a jikin ɗan katako miƙaƙƙe, yadda ba za ta nutse cikin wuri mai laushi ba. Na fara da mai lamba 80, na koma 120, 220, na ƙare da 320. Ƙananan ramukan jikin kok na cike su da garinsa da na kwaɓa da gam. Hudar ciki na faɗaɗa ta a hankali, ina gwadawa, tunda jikin sandar gindi ya fi kauri, yana sirancewa zuwa sama.

Ta yi kyau, ba ƙarya. Na kai wa wani dattijo Basarke da muke zama tare a bakin ruwa. Bai ma tsaya kallon adon ba. Ya ɗora sandar a kan yatsa ɗaya, gindin ya rinjaya ƙasa. Ya tsoma hannu a ruwa ya riƙe ta, ya ɗan murza.

"Ɗana, wa zai yini da wannan a hannu? Ga nauyi, ga santsi daidai inda babban yatsa yake zama."

Na ce, "Baba, ai ado ne."

Ya ce in giwan ruwa ya ja, zan gane inda adon ya kamata ya tsaya.

Gaskiyarsa ce. Zobban ƙirya biyar na sa, kuma na shafe su da mai har suna ƙyalli, jiƙaƙƙen hannu kuwa zamewa yake a kansu. Kok ko ya jiƙe yana kama tafi, shi ya sa ake biyan kuɗinsa.

Ta ukun ita ce a jikin sandar yanzu. Inda hannu yake kamawa kok ne zalla, ban shafa masa komai ba. Maɗobiya siririya biyu na bari, ɗaya a sama kusa da mazaunin injin naɗe zare, ɗaya a ƙasa, sai ƙirya a can gindi inda sandar ke dukan bakin kwalekwale. Baba ya sake ɗora ta a yatsa, ta tsaya cak. Ya miƙo mini tsohuwar sandarsa ta gora, ya ce in duba ko akwai sauran kok.