Asabar a Cape Coast: Tankin Ruwa, Gadar Kakum da Kurkukun Bayi

Asabar ce ranar da yawancin tsofaffin 'yan mishan irinmu ke ware wa wanki, cefane da ɗan buɗe ido. Matasan nasu hutun Litinin ne. Ikilisiyarmu, wadda mutane suka fi sani da Mormon, tana tura ma'aurata da suka yi ritaya hidima ta wata 6, 12, 18 ko 23, kuma da kuɗin aljihunsu suke ɗaukar nauyin kansu. Ba a ɗaure mu da jadawalin matasa na tashi ƙarfe 6:30 ba, amma yau kafin wannan lokacin ni da maigida mun riga mun ɗauki hanya, domin wanda zai je gandun dajin Kakum da ke nan Gana ranar Asabar dole ya riga motocin 'yan makaranta.

Karin kumallo a gefen kasuwar Kotokuraba muka yi shi: koko mai citta da barkono, da ƙosai. Matan zango ne ke riƙe da wannan sana'a a kusan kowane gari na Gana. Da na ce, "Hajiya, ina kwana, a zuba mana na biyu," sai ta ɗago ta ce, "A'a, Mama, daga wane gari?" ta ƙara mana ƙosai gyara. Koko ya yi mana daidai, tun da ƙa'idar lafiya ta ikilisiya ta hana shayi da kofi, haɗe da giya da taba. A kan wannan abincin ake shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Doxycycline ne, ƙwaya ɗaya mai milligiram 100 kowace rana. A sha shi da cikakken kofin ruwa bayan an ci wani abu, kuma kada a kwanta sai an yi aƙalla rabin awa, in ba haka ba ya tsaya a maƙogwaro ya ƙona shi. Madara tana rage masa ƙarfi, shi ya sa ba a haɗa su lokaci guda. Yana kuma sa rana ta fi cin fata, don haka hula ba ado ba ce.

A hanyar Jukwa akwai gidan da matasan 'yan mishan huɗu ke zaune, kuma duba irin waɗannan gidaje na cikin aikin da shugaban mishan ke ba tsofaffi. Mutane a gida suna ɗauka wa'azi muke yi daga safe har dare. Yawancin aikin kuwa na ruwa ne da gidan sauro da tukunyar gas, kuma ina ganin ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci, don yaron da taifot ya kwantar ba ya koyar da kowa komai.

Ana farawa da matatar ruwa da ke jikin famfon kicin. Kwalba uku ce a jere. Ta farko tana tare laka da yashi, ta biyu mai gawayi tana ɗauke wari da ɗanɗanon sinadari, ta uku mai ƙananan ƙofofi ita ke tare ƙwayoyin cuta. Ta farkon ce ke saurin toshewa, musamman da damina. Idan fararta ta koma launin ƙasa, a canza. Kafin a kwance, a rufe famfon da ke kawo ruwa, a buɗe na sama iska ta fita, sannan a murɗa da makullin robar da ya zo da ita. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne zoben roba baƙi da ke bakin kwalbar. Yakan faɗo ba a lura ba, ko ya karkace wurin ɗaurewa, sai ruwa ya yi ta ɗiga ana zaton kwalbar ce ta fashe. Da hannu ake ɗaurewa, ba da makulli ba. Idan aka sa sabon gawayi, a bar ruwan ya zuba na wasu mintuna har baƙin ya wuce kafin a sha.

Matsalar wannan gida ba a matata take ba. Babban yaron ya ce, "Baba, injin yana kuka amma ruwa ba ya hawa." Tankin ƙasa ne ya ƙafe kwanakin da aka ɗauke ruwan famfo, injin da ke tura ruwa sama ya ja iska. Maigida ya kashe shi, ya kwance ƙaramin murfin da ke samansa, ya ɗura ruwa har ya cika ya tumbatsa, ya mayar ya kunna, ruwa ya hau. Injin da aka bari yana juyawa babu ruwa yakan ƙone robar da ke hana yoyo, daga nan sai sabo. Mun sa su rubuta a bango: a leƙa tanki kafin a taɓa makunni.

Sauran duban bai ɗauki lokaci ba. Kumfar sabulu a bakin tukunyar gas da tiyo, in ta yi ƙwai to akwai yoyo. Firij a bayan na'urar da ke jinkirta wuta, saboda ƙarfin da wuta ke dawowa da shi bayan an ɗauke ta shi ke kashe firij. Gidan sauro ɗaya an bar shi yana lilo, ba a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ba, wanda da shi da babu duk ɗaya.

Daga Cape Coast zuwa ƙofar gandun dajin Kakum kimanin kilomita 30 ne, kusa da ƙauyen Abrafo. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na 'yan ƙasa, kuma gara a riƙe takardun sidi, kuɗin Gana, a hannu maimakon dogara da waya. Ba a shiga sai rukuni-rukuni tare da jagora.

Abin da ba a cika faɗa wa tsofaffi ba shi ne wahalar ba a kan gadar da ke rataye a saman itatuwan dajin take ba, a hawan da ke kai mutum wurinta take. Matakala ce ta duwatsu, tsayinsu ba ɗaya ba, ga gansakuka, ga iskar daji mai ɗumi da ke sa gumi ya ƙi bushewa. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya tsaya a ƙarshen layi, ya gaya wa jagora tun daga ƙasa, ya huta a rumfar da ke hanya ba tare da jin nauyin kowa ba. Takalmi mai rufe ƙafa da ƙasa mai kamawa, ba silifas ba. Ruwa lita ɗaya ga kowane mutum. Mace ta sa doguwar riga mai faɗi ko wando, zane yana harɗe ƙafa.

An buɗe gadar a 1995. Gadoji 7 ne da aka ɗaura daga bishiya zuwa bishiya, tsawonsu duka ya haura mita 300, kuma a wasu wurare tsakaninka da ƙasa mita 30 zuwa 40 ne. Tsani ne na ƙarfe aka shimfiɗa, aka ɗora katako mai faɗin da ba ya wuce mutum ɗaya, raga ta kewaye gefe biyu har kusan ƙirji. A kowace bishiya akwai dandamali na tsayawa. Gadar tana rawa ne daidai da yawan masu takawa, saboda haka a bar tazara mai kyau tsakaninka da na gaba, hannu biyu a kan igiya, ido a kan dandamalin da ke gaba. Waya ta zauna a jaka mai zif sai an kai dandamali. Abin da ya suɓuce a can ya tafi. Wanda ya ga ba zai iya ba akwai gajeruwar hanya mai gada 3. Kada a sa rai da ganin giwayen dajin, suna can ciki nesa da hayaniya. Abin da ake gani shi ne malam-buɗe-littafi kala-kala, da tsuntsaye, da kan itatuwa a ƙarƙashin ƙafarka.

Da rana muka koma bakin teku, muka ci dokunu irin na Fanti wanda ake naɗewa da ganyen ayaba, da soyayyen kifi da barkono. Mai son sabon kifi kada ya nema ranar Talata, masunta a nan ba sa shiga teku ranar.

Ganuwar Cape Coast, wato katafaren ginin bakin teku da aka riƙa tsare bayi a ciki, mutanen Suwidin ne suka fara gina ta a 1653, ta koma hannun Ingila bayan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, kuma garin ya zama mazaunin mulkinsu har 1877 da suka koma Accra. Zagayen da jagora yakan ci kusan awa ɗaya. Gangaren shiga kurkukun maza yana da santsi da duhu, a tsaya a bakin ƙofa ido ya saba kafin a taka. Ɗakuna ne na dutse, iska da haske ba su da hanya sai ƙananan ramuka can sama, kuma a nan aka tara ɗaruruwan mutane makonni suna jiran jirgi. A saman wannan kurkuku ɗakin sujadar Turawan yake. Duk wanda ya rataya sunan Almasihu a ƙirjinsa, kamar yadda muke rataye da baƙin bajenmu, ya kamata ya daɗe a tsaye a wurin nan. Ban yarda a shiga ana hira da ɗaukar hoton murmushi ba, kuma ina gaya wa matasanmu haka kafin su zo.

Mu da muka fito daga arewa labarin bai yi mana nisa ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka kawo gaɓar nan daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin Salaga, garin da fataken goro na ƙasar Hausa suka sani sarai. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, akwai rafin da aka riƙa yi musu wankan ƙarshe kafin a ƙarasa da su teku. Wanda ke da mota da ƙarfin jiki ya fara da can, sannan ya zo ganuwar, sai ya fi gane tsawon tafiyar.

A gaɓar tekun garin nan ne aka yi baftismar farko ta ikilisiyarmu a Gana, ranar 9 ga Disamba 1978. Waɗanda aka turo ba matasa ba ne, ma'aurata ne manya, Rendell da Rachel Mabey tare da Edwin da Janath Cannon, waɗanda makonni kaɗan kafin nan suka yi wa Anthony Obinna baftisma a Najeriya. Sun iske wani ɗan Gana, Joseph William Billy Johnson, ya shekara fiye da goma yana tara jama'a yana jiran zuwan 'yan mishan. Daga Yuni 1989 zuwa ƙarshen 1990 gwamnati ta rufe majami'un ikilisiyar, aka koma sujada a cikin gidaje, kuma dattawan reshen da muke zuwa har yanzu suna iya nuna ɗakunan da suka yi ta.

Da yamma mun biya Kotokuraba cefane. Tumatir, kabeji da duk abin da za a ci ɗanye ana wanke shi da ruwan matata, a jiƙa minti 15 a ruwa lita 4 da ƙaramin cokali ɗaya na bilic marar ƙamshi, a ɗauraye da ruwan matata, ba na famfo ba, don ɗauraya da na famfo tana mayar da abin da aka kashe. Ƙwai ma a wanke bayansa kafin a fasa. Gobe sujada ƙarfe 9 a wani reshe da hanyarsa ba kwalta, an kuma yi ruwa a can jiya, don haka maigida ya duba tayar ko-ta-kwana da jak tun kafin duhu, ni kuma na tura wa ofishin mishan buƙatar zoben roba da matatar farko na gidajen da za mu zaga ranar Laraba.