Dalilin da ya sa muke kashe AGC a wajen aiki

Sana'ata ɗaukar sauti ce, ni da yarana muna haɗa makirufo da mikisa (na'urar haɗa sauti da daidaita shi) da rikoda a wajen taro ko lacca ko hira, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki abin da nake fara nuna masa shi ne inda ake kashe AGC a kyamara.

AGC ɗin nan wani tsari ne da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, in murya ta yi ƙasa ya ɗaga ta, in ta yi sama ya danne ta. A kiran waya ko mitin na Zoom wallahi yana da amfani, tunda babu mai zama yana murɗa maɓalli, wani na kusa da makirufo wani na nesa. To amma shi bai san bambancin murya da hayaniya ba. Mai magana na yin shiru ya ja numfashi sai AGC ɗin ya ɗauka sauti ne ya ragu, ya ɗago ƙarar fanka da motsin kujeru da shuuu ɗin wayar makirufo, mutum na dawowa magana kuma kalmar farko ta fito da ƙarfi kafin ya ankara ya danne, haka sautin zai yi ta hawa da sauka har a gama, kuma in ya riga ya shiga rikodin gyaransa a kwamfuta aiki ne ja. In da lasifika a ɗakin abin ya fi muni, lokacin shirun nan ne yake ɗaga makirufo har lasifika ta fara kuka.

Mu da hannu muke saitawa. Sai mu ce wa mai magana ya yi da ƙarfin da zai yi in ya ɗau zafi, mu tsayar da mitar ƙarfin sauti wajen -12 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), saboda in ta taɓa 0 murya ta fashe kenan. Sannan mu kunna limita, ita ba ta ɗaga komai, tsawa kawai take tarewa.

Kwastoma kan ce muryarsa ba ta fita, a ƙara masa. Yawanci nisa ne matsalar, duk ninka tazara tsakanin baki da makirufo kusan 6 dB ake rasawa, shi ya sa na fi son na matso masa da makirufon ko na maƙala masa ƙarami a wuyan riga kafin na taɓa mikisa.