Darussan da na koya daga zanen Renesans: a fara auna daɓe

Abin da ya fi cutar da ɗaliban darasin zanen Renesans (zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai) shi ne malamin da ke ba da maki a kan haddar Ficino, masanin falsafa na birnin Fulorens a Italiya, ya bar awo a gefe. Za ka ga ɗalibi ya iya bayanin cewa kyau hasken Ubangiji ne da ke sauka kan halitta, ya san Ficino ya fassara littattafan Aflatun zuwa Latin an buga a 1484, amma a ba shi takarda ya zana daɓen ɗaki, sai daɓen ya karkace. Kuma shi za a kayar, alhali ba a taɓa nuna masa hanya ba.

Hanyar tana cikin littafin zane na Alberti, masanin gini da zane ɗan Italiya, na 1435. Ka ja murabba'i, ka ɗauke shi taga. Ka tsayar da tsawon mutum, ka raba shi uku. Kowane kashi kamu ɗaya ne na Fulorens, kusan santimita 58. Da wannan kamun za ka yanka layin ƙasa na tagar. Sai ka sa ɗigon tsakiya, inda layukan da ke shiga cikin hoton za su haɗu, daidai tsayin kan mutumin, ka ja layi daga kowane yanki zuwa gare shi.

Nan ake faɗuwa: layukan kwance. Masu zane da yawa kan rage kowace tazara zuwa kashi biyu cikin uku na wadda ta gabace ta, Alberti kuwa ya ƙi wannan, don hanyar ba ta la'akari da inda mai kallo yake tsaye. Dole ka yanke nisan ido daga hoton, ka ja layuka daga idon zuwa yankunan ƙasa, inda suka ratsa gefen tagar nan ne gurbin kowane layin kwance. Gwajin mai sauƙi ne: layi ɗaya miƙaƙƙe ya bi kusurwoyin tayil a jere. In ya lanƙwasa, aikin ya ɓaci, a sake.

Falsafar tana cikin awon: mutum ne ma'auni, idonsa ke tsara sarari. Shi ya sa mai zane Masaccio ya sa ɗigon tsakiyar hotonsa na cocin Santa Maria Novella da ke Fulorens daidai idon wanda ke tsaye a gabansa.

Sauran kaɗan ne. Kada a jingina kowane hoton mai zane Botticelli ga falsafar Ficino ba hujja. A nemi yarjejeniyar aiki, domin a ciki mai biya kan ƙayyade zinariya da shuɗin da za a sa.